Ɗaurin Jitar Mai Gilashi

Shagon Mai Gilashi yana kan kwana, daidai inda titin kasuwa ya karya ya gangara tashar mota. Wuri ne ɗan ƙarami: teburi ɗaya mai faɗi da aka lulluɓe da tsohon bargo, fallayen gilashi a jingine da bango, sai buhun ɓaraguzai a lungu. Da hantsi rana takan leƙo ta ƙofa ta faɗa kan fallayen, shagon ya yi kore-kore kamar ƙarƙashin ruwa. A nan ƙuruciyarsa ta ƙare, a nan furfura ta same shi. Ya yanka wa rabin garin tagogi, ya yanka wa masu aski madubai, kuma a yatsunsa babu wanda gilashi bai bar wa tabo ba.

Shi ba mai magana ba ne. In aka kawo masa falle, sai ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kara kunne. In akwai tsaga a ɓoye, sautin zai gaya masa. Maƙwabta sukan ce kunnensa ne ke yi masa aikin baki.

Jitar kuwa wani maƙwabci ne ya bar masa ita tun yana saurayi, lokacin da mutumin zai tashi daga garin kaya suka yi masa yawa. Ba wanda ya koya masa. Bai taɓa hawa dandamali ba, bai taɓa kaɗa wa taro ba, waƙa kuwa ko a banɗaki ba ya yi, don muryarsa kamar ana jan teburi ne a kan siminti. Mai waƙar ita ce matarsa, wadda shi da abokansa duk suke kira Maiɗaki.

Maiɗaki guga take yi a ɗakin wanki na wani asibiti. Tana da murya mai zurfi, mai kauri, irin wadda ba a cika ji a bakin mace ba. Tana yarinya an sha tsokanarta a kai har ta daina waƙa a gaban mutane. Farkon aurensu, a ɗaki ɗaya na haya, yakan kaɗa mata a ɗaurin kowa da kowa, wato yadda aka saba ɗaure tsirkiyoyin jita shida a ko'ina. Sai ta fara bi, in an zo hawa muryar ta ƙi, ta yi shiru.

"Yi abinka kai kaɗai," takan ce. "Jitar nan taka 'yar sama ce, ni kuwa 'yar ƙasa."

Wata safiya tana goge masa riga, ta manta yana ɗakin, ta ja wani sauti dogo, baki a rufe, irin wanda mutum ke yi wa kansa. Ya miƙa hannu a hankali ya ɗauko jitar. Ya kama kunnen babbar tsirkiya, ƙusar nan da ake murɗawa a ɗaure ko a sassauta, ya dinga sassautawa. Sautin ya yi ta sauka, yana sauka, har ya zo ya kwanta a kan muryarta suka zama abu ɗaya. Ta juyo tana kallonsa. Shi kuma ya ɗora sauran biyar ɗin a kan wannan, da kunne kawai, kamar mai jera bulo a kan harsashi. Ran nan ta kai waƙa har ƙarshe, dutsen gugar da ta manta kuma ya ci kafaɗar rigar.

Tun daga ranar ba ya taɓa jita sai ya ce, "Ba ni bakin zaren." Ita kuma, ko tana kicin ko tana shanya, sai ta ja masa sautin, ya ɗaure a kai.

A garin akwai wasu irinsa, masu kaɗa jita don daɗin rai bayan an tashi aiki. Ran Asabar da yamma sukan hallara a shagonsa, su zauna a benci cikin fallayen gilashi, kowa yana kaffa-kaffa da wuyan jitarsa. Biyu ne ba sa fashi sai dole: Malam, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, da Direba, mai jan doguwar bas zuwa babban birni, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin murya. Suna da guruf a waya, har da waɗanda aiki ya kai wasu garuruwa. Duk ƙarshen shekara, in an rufe makarantu da ofisoshi an tafi hutu, kowa zai zaɓi waƙar hutu guda, ya kaɗa, a ɗauke shi bidiyo, ya tura. Wani a falo jikoki suna gilmawa, wani a tsakar gida kaza tana yi masa amshi. Daga nan sai musu ya ɓarke, kuma musun kullum a kan ɗauri ne.

"Malam, wannan ɗaurin naka na ragwaye ne," in ji Direba. "Ka ɗora yatsa ɗaya, ka shara, shi ke nan ka zama makaɗi!"

"Ragon dai ya kai waƙarsa ƙarshe. Kai fa? Kana dukan jita kamar kana danna wa shanu hon."

"Ai gara ni, ana ji na."

"Ana jin ka har garin gaba, wannan ba musu."

Wani ya sauke babbar tsirkiya mataki guda don ta yi ruri, wani ya ɗaga ta tsakiya don waƙa ta yi haske, kowa yana rantsuwa nasa ne ɗauri. Amma in bidiyon Mai Gilashi ya shigo, musun yakan tsaya. Ba a ganin Maiɗaki a ciki, ba ta yarda a haska ta. Shi ake gani a kujera, kai a sunkuye, muryarta tana fitowa daga gefe kamar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Duk inda ta tsaya jan numfashi, sai babban yatsansa ya sauka kan babbar tsirkiya, tsirkiyar ta riƙe mata wurin har ta dawo. Suka sa wa abin suna ɗaurin Maiɗaki. Da yawa sun gwada kwaikwaya, ba wanda ya samu.

Wata Asabar, Direba yana hanya, Malam ya zo da sabuwar manhaja a wayarsa. In ka kaɗa tsirkiya sai ta nuna harafi, da wata 'yar allura da ke tsayawa a tsakiya ta yi kore in ɗaurin ya hau daidai. Ya kara wa jitar Mai Gilashi. Harafi ya fito, amma allurar ta karkace gefe, ta ƙi tsakiya, ta ƙi kore. Duk shidan haka.

"Ikon Allah," in ji Malam. "Ɗaurin nan ba ya kan kowane harafi, yana tsakani. Babu shi a littafi."

Maiɗaki ta shigo kawo musu shayi ke nan. Ta dire filas ta ce, "To Malam, ni ɗin ina cikin littafin ne?"

Ana nan sai ciwo ya kama ta, a ƙirji ya fara mata. Direba ne ya riƙa kai ta babban asibitin birni, ya tanadar mata kujerar gaba, yana kewaye ramukan hanya a hankali har fasinjoji su yi ta mita. Da hutun wannan shekarar ya zo ta ce kada a ɗauki bidiyo.

"Kar su ji ni haka," ta ce. "Su riƙe ta da."

Amma wata safiya, rana tana bayan labule, ta buɗe ido ta ce masa, "Ɗauko abar nan."

"Ki huta dai."

"Hutu ai yana nan tafe. Ɗauko."

Bai ma roƙi bakin zaren ba, ita ta ba shi. Sautin ya fito can ƙasa, ƙasa da duk inda ya taɓa sauka, da wani ɗan kaushi a gefensa. Mutumin da ya yi rayuwa yana sauraron tsaga a gilashi ya san abin da ya ji. Ya sassauta babbar tsirkiyar har ta kusa yin lako-lako kafin ta tarar da ita, ya ɗora sauran a kai. Ta yi baiti ɗaya da rabi na wata waƙar hutu, barci ya ɗauke ta. Bayan 'yan kwanaki ta rasu.

Ya rataye jitar a bangon ɗakinsu, bai ƙara kaɗa waƙa ba. Abu ɗaya kawai yake yi. Kowace safiya kafin ya fita shago, sai ya tsaya ya taɓa babbar tsirkiyar da babban yatsa, sau ɗaya. Tsirkiya ba ta zama inda aka bar ta, zafi da sanyi suna ja da saki. To in ya ji ta ɗan zame, sai ya murɗa kunnen ya mayar da ita, don sautin jiya yana nan a kunnensa. Jiya tana miƙa wa yau, yau tana miƙa wa gobe. Ta haka ya riƙe muryarta ta ƙarshe, wadda ba ta cikin kowace waya a duniya. Bai gaya wa kowa ba. Ko Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aiki a kantin magani, wadda ta dawo gidan don kada ya zauna shi kaɗai, abin da ta sani kawai shi ne Baba yana gaida jitarsa da safe.

Shekara ta zagayo, hutu ya matso, bidiyoyi suka fara shigowa guruf. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa, ɗaya har ta fara warwarewa ta yanke shi a yatsa. Ana cikin haka aka kira shi sa tagogi a wani gini a bayan gari, ya yi 'yan kwanaki a can.

Ran da ya dawo, da la'asar, yana shiga falo ya ga jitar a kan kujera, tsirkiyoyinta suna walƙiya kamar zaren azurfa. Direba yana zaune gefe, bakinsa har kunne. Auta tana tsaye a ƙofar kicin tana murmushi.

"Yaya, sannu da hanya! Zo ka ga aikin ƙaninka. Daga birni na zo da su, masu kyau ne na gaske. Bana sai ka kaɗa mana, mun gaji da shirun nan."

Mai Gilashi bai ajiye jakar kayan aikinsa ba. "Ina tsoffin?"

"Na datse su da filaya, ai sun gama yayi. Kai dai kwantar da hankalinka, ban taɓa ɗaurin Maiɗaki ba, ni mahaukaci ne? Kafin in cire kowace sai da na kara mata waya na ga harafinta. Da na sa sababbin na mayar da kowace kan harafinta, har allura ta yi kore. Duk shidan kore, Yaya. Ko Malam ba zai fi ni ba."

Ya ajiye jakar. Ya matso, ya sa babban yatsa ya taɓa babbar tsirkiyar. Sautin ya tashi tas, mai tsabta, mai lafiya, kamar muryar baƙuwa a ɗakin matarsa. Ya yi maza ya dafe tsirkiyar da tafin hannu, amma ya makara. Sabon sautin ya riga ya shiga kunnensa ya zauna a kan tsohon.

Ya rufe ido yana laluben na da. Ya ji shi can nesa, kamar wanda ake kira daga ƙetaren titi mota tana wucewa.

"Yaya?" in ji Direba. Murmushin ya fara bushewa a fuskarsa. "Ba haka yake ba ne?"

"Ba ta kan harafi," Mai Gilashi ya ce a hankali. "Tana tsakani."

Ran Asabar suka taru a shago, su huɗu har da Auta. Direba ya zauna can ƙarshen benci, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Malam ya ɗora wayoyi biyu a kan bargon teburi.

"Abin ba na tashin hankali ba ne," ya ce. "Ai muna da bidiyoyinku na duk shekarun nan. Wannan wayar ta kunna, wannan ta auna. Duk inda allura ta karkata, nan za mu mayar da tsirkiya."

Ya kunna mafi tsufa. Muryar Maiɗaki ta cika shagon, cikakkiya, har fallayen gilashi suna amsawa a hankali. Auta ta juya fuska wajen bango. Malam ya duba allura, ya gyaɗa kai, ya kunna na shekarar gaba. Ya sake dubawa, ya gyara tabarau. Ya kunna na gaba da shi. A nan ya daina gyaɗa kai.

"Mai Gilashi, wannan ba ɗauri ɗaya ba ne. Kowace shekara yana ɗan sauka."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ita ke sauka, ni ina bin ta."

Suka zauna suna sauraronta tana tsufa, waƙa bayan waƙa, kamar mai sauka daga bene mataki-mataki ba ta waiwaye. A wani tana dariya a tsakiyar baiti don yaro ya faɗo ɗakin. A wani an fara jin numfashin yana gajarta, babbar tsirkiyar tana riƙe mata wuri fiye da da. Sai bidiyoyin suka ƙare.

"Na bara fa?" in ji Direba. Yana rufe baki ya tuna, ya sunkuyar da kai.

Malam ya yi gyaran murya. "To mu ɗauki na ƙarshen da muke da shi, mu sauke shi kaɗan."

"Kaɗan ɗin nawa, Malam?"

Malam ya cire tabarau yana gogewa.

Auta ta share ido ta ce, "Baba, ai ina ɗakin ran da ta yi waƙar ƙarshe. Bari in gwada." Ta rufe baki ta ja sautin iya ƙasan da maƙoshinta zai kai. Murya ce mai daɗi, siririya, tana can sama.

"Bar shi, Auta," ya ce. "Ba tata kika ɗauko ba. Ki dai gode wa Allah da ba tawa ba ce."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Ya ɗora jitar a cinya, ya kama kunnen babbar tsirkiya, ya fara sassautawa kamar wancan karon na farko, yana taɓawa yana saurare. Ya wuce shekarun bidiyo ɗaya bayan ɗaya, ya shiga inda babu alama. A wani wuri tsigar jikinsa ta tashi, hannunsa ya tsaya. Nan ne? Ya sake taɓawa. Kamar nan ne, kamar kuma da saura. Sabuwar tsirkiya ce, ba ta da kaushin nan na gefe. Ya murɗa ɗan ƙiris don ya tabbatar, sautin ya faɗa ƙasa ya zama rawar ƙarfe kawai. Ya koma sama, ya wuce. Ya sake saukowa. Ya yi ta kai da komo har hasken shagon ya tashi daga kore ya koma ruwan toka, wurin bai sake tsaya masa ba. Duk inda ya tsaya yana kama da ita, kuma ba ita ba ce.

"Yaya, ka zage ni mana," in ji Direba, muryar nan mai cika tasha ta dawo kamar ta yaro. "Don Allah ka ce wani abu. Ka kore ni ma."

"In ce me? Tsirkiya ka sayo mini."

"Na kashe maka ita karo na biyu."

"Kai, rufe bakinka. Wa ya yi ta kewaye mata ramuka?" Ya shafa wuyan jitar. "Kunnen nan nawa ma tsufa yake. Wa ya sani ko tun tuni ta zame mini, ni ina ta gadin wata daban. Kullum ina cewa ta jiya ce, ta jiya ce. Ba wanda zan tambaya."

Direba ya rufe fuska da manyan hannuwansa.

Mai Gilashi ya ce Malam ya sake kunna bidiyon ƙarshe. Ya ɗaure ƙananan tsirkiyoyin biyar a kansa, da kunne, bai kalli allura ba. Sannan ya warware babbar gaba ɗaya, ya zare ta, ya naɗe ta a yatsu ta zama ɗan zobe, ya sa a aljihun riga.

"Tashi ka riƙe waya," ya ce wa Direba. "Ba kai ka ce bana sai na kaɗa ba?"

Direba ya tashi ya karɓa, ya damƙe wayar da hannu biyu yana karkata ta.

"Riƙe da kyau," in ji Malam cikin wata irin murya. "Ba sitiyari ba ne."

Ya kaɗa waƙar hutun da ba su ƙarasa ba a waccan safiyar. Ba mai rerawa. Tsirkiya biyar suka ɗauki waƙar iya ƙarfinsu, siraran sautuka suna tafiya ba ƙasa a ƙarƙashinsu. Duk inda Maiɗaki takan tsaya jan numfashi, babban yatsansa yana sauka da kansa, ya bugi iska, ya dawo. Bai hana shi ba. Ya kai waƙar har ƙarshe.

Aka tura bidiyon guruf. Can wani daga cikin na nesa, sabon shiga, ya rubuto: "Kai, wannan wane irin ɗauri ne kuma? Ina babbar tsirkiyar?" A wurin da ake kwana ana musu a kan rabin mataki, ba wanda ya amsa masa.

Washegari da safe Mai Gilashi ya sa rigarsa, wadda Auta ta goge, ya zo wucewa ta gaban jitar a bango. Yatsan ya ɗaga, ya taɓa wurin da babu komai. Ya tsaya ya kara kunne, kamar yadda yake yi wa falle, ya ɗan jima a haka. Sannan ya ɗauki makullan shago ya fita.